Makaɗan Ranar Patrick: Kafin Alƙalami Ba Takarda

Tambaya: Ina da gidan abinci mai kujera 60 a Dublin, muna sayar da dafa-duka, tsire da farfesu, ba ma sayar da giya. Ina so in ɗauko makaɗan gargajiya na Ireland mutum uku ranar 17 ga Maris, don in jawo 'yan ƙasa. Ƙanin matata ya san ɗaya daga cikinsu, ya ce sun yarda a kan yuro 900, na ba shi 300 ya kai musu. Ina sa ran wannan dare zai fitar da ni daga bashin hunturu. In ƙara kuɗin abinci ne, ko in sayar da tikiti?

Amsa: Alhaji, ka tsallake babbar magana ka kama ƙarama. Kafin mu je ga tikiti, ina takarda? A yanzu ba ka da makaɗa, kana da labarin makaɗa ne daga bakin surukinka. Ba ka yi magana da shugabansu ba, ba ka da rasit, ba ka ma san ko yuro 300 ɗin ya isa hannunsu cif ba. Ban ce yaron ya ci ba. Amma ko da amanarsa ta kai ta waliyyi, "abokina ya ce ba matsala" ba ciniki ba ne.

Kuma dubi ranar da ka zaɓa. Ranar Waliyyi Patrick, babban bikin ƙasar Ireland, ita ce kakar makaɗan ƙasar nan. Duk mai iya jan goge ko buga bodhrán, gangar nan tasu mai fatar akuya, wayarsa ba ta hutawa: mashaya na nema, otal na nema, har ƙasashen waje ana ɗauke su. Yadda abin yake lalacewa kusan iri ɗaya ne kullum. Saura mako guda wani otal ya yi musu tayi mai tsoka, da takarda da sa hannu. Wa za su saki? Wanda ba shi da komai a rubuce. Sai a aiko maka da saƙon ban haƙuri da kuɗinka, in ka yi sa'a, alhali ka riga ka sayi nama, ka manna sanarwa a ƙofa. Daga nan rigima ta koma cikin gida, tunda ba ka iya kai suruki ƙara ba tare da uwargida ta shiga ciki ba.

Don haka yau ɗin nan ka karɓi lambar shugaban makaɗan, ka kira shi da kanka, ku rubuta yarjejeniya ko da ta imel ce. A sa kwanan wata da adireshi, da lokacin da za su iso su gwada sauti, aƙalla awa guda kafin baƙi. A sa tsawon wasa: an saba zango biyu na kamar minti 45, da hutu a tsakani. A rubuta mutum nawa da abin da kowa zai kaɗa, domin akwai al'adar turo madadi, ka yi cinikin mai goge da mai sarewa a kawo maka mutum biyu da jita. A rubuta cewa 300 ta shiga, saura 600 za ka tura ta banki bayan wasa, su ba ka takardar biya don lissafin haraji. A kuma faɗi abin da zai faru idan wani ɓangare ya fasa, da wa'adinsa. Wanda ya ƙi rubuta wannan, dama ba zuwa zai yi ba.

Lasifika fa, wa zai kawo? Kayan kiɗan nan ba su da ƙarfin kalangu. Mutum 60 na hira da ƙarar cokula sun isa su haɗiye su. Ka ware musu wuri kamar mita uku da biyu kusa da soket, ka san cewa teburi biyu sun tafi ke nan. In rawar céilí kake so, wato rawar gargajiyarsu ta taro, sai mai kiran taku da fili, rabin ɗakin ya tashi. Ban ba ka shawara ba. Ka tambayi IMRO, ƙungiyar da ke ba da lasisin kiɗa a Ireland, ko lasisin kiɗan da kake da shi ya haɗa da wasa kai tsaye, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka. Ka gaya wa makaɗan gidan ba na giya ba ne, don waƙoƙin mashaya da yawa yabon kwalba ne, su zaɓo wasu. Tsakiyar birni kuma ana rufe hanyoyi saboda fareti, su san ta inda za su shigo da kaya.

Yanzu batun fita daga bashi. Cire wannan daga ranka. Mai mashaya yana iya biyan makaɗa ne don mutum ɗaya zai tsaya awa uku yana ta saye. Naka baƙon faranti ɗaya zai ci da lemo, ya riƙe kujera har a tashi. Mu ce kana samun yuro 12 a kan kowane mutum bayan kuɗin cefane. Sai ka ciyar da mutum 75 kafin ka biya makaɗa kawai, kujerunka kuwa sun koma 52. Ga ranar hutun ƙasa ce, ma'aikata suna da ƙarin hakki a kanka.

To, tikiti, kuma a biya tun kafin ranar. Abinci kala biyu ko uku tsayayyu, zama biyu, ɗaya ƙarfe 5 ɗaya ƙarfe 8, kowane zama da zangon kiɗa guda. Wannan ma sai ya shiga yarjejeniya, don jiran da za su yi a tsakani suna iya neman ƙari a kansa. Idan ka mayar da kuɗinka, wasu iyalai goma suka san hanyar ƙofarka, ka ci riba. Idan shugaban ya yi ta kwana-kwana a waya, karɓo 300 ɗinka, ka tuntuɓi reshen Comhaltas mafi kusa, wato ƙungiyar raya kiɗan gargajiyar Ireland, su haɗa ka da wasu, ka mayar da bikin wani dare a makon, lokacin da farashi ya sauko.