Na Shiga Absher a Kwamfutar Shago: Me Kukis Suka Ɗauka Daga Gare Ni?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shara Mansur, kuma ina da igama, wato takardar izinin zama. Kwanaki wayata ta lalace, sai na je wani ofishin hidima na unguwa aka duba mini wa'adin igamata a Absher, shafin hidimomin hukumar Saudiyya, a kwamfutarsu. Layina na sa a wayar ɗana muka karɓi lambar da ake turowa. To ni dama ina yawan ganin rubutu a shafukan hukuma cewa suna amfani da kukis, in danna amincewa, kuma nakan danna ban san me na amince da shi ba. Wata ƙawata ta ce da shi ake leƙa hotuna da hirar WhatsApp, har a san wanda ke kwana a gidan mutum. Gaskiya ne? Kuma akwai abin da ya saura a kwamfutar shagon da zai cutar da ni?

Daga wata 'yar'uwa a Makka

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar ƙawarki ba haka take ba. Kuki ba ya ganin hoto, ba ya karanta hira, ba ya jin magana. Ba manhaja ba ne balle ya yi wani aiki da kansa. Ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ba burauzarki, irin su Chrome ko Safari, ta ajiye masa. Girmansa bai wuce kilobayit 4 ba, kuma burauza ba ta mayar da shi sai ga shafin da ya ba ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne batun kwamfutar shago, amma bari mu fara da kukin, don sai an gane shi ake gane inda haɗarin shagon yake.

Shafin intanet ba ya tuna mutum. Duk danni ɗaya da kika yi, a wurinsa baƙo ne ya zo. In da haka aka bar shi, da sai kin sake rubuta lambar igama da kalmar sirri a kowane shafi kika buɗe. Wani injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya kawo maganin wannan a 1994. Da zarar kin shiga, shafin zai ba burauzarki wata doguwar lamba, ita kuma ta riƙa nuna ta a duk danni. Kin san 'yar takardar da ake ba mutum idan ya ajiye jaka a wurin ajiyar kaya kusa da Harami. Ba jakar ba ce, ba ta kuma faɗin abin da ke ciki, amma duk wanda ya zo da ita shi za a miƙa wa kaya. Kukin shiga haka yake. Shi ya sa shafin da ake shiga da kalmar sirri ba zai yi aiki ba sai da shi, ko kin danna amincewa ko ba ki danna ba.

Sauran kukis ba su kai wannan nauyi ba. Akwai mai tuna cewa kin zaɓi Larabci ko Ingilishi, akwai na ƙidaya, wanda masu shafi ke gane yawan masu zuwa da inda suke maƙalewa. Wanda ya ɓata wa kuki suna shi ne na kamfanonin talla, mai bin mutum daga shafi zuwa shafi, yadda za ki duba abaya a wani kanti ki ga tallarta ta biyo ki ko'ina. Firefox ta fara toshe masu bibiyar nan a 2019, Safari ta toshe su gaba ɗaya a 2020. Google ta daɗe tana alkawarin cire su daga Chrome, sai ta janye a 2024. Shi kuwa wannan rubutun neman amincewa, asalinsa Turai ne, daga gyaran doka na 2009 da kuma babbar dokarsu ta kare bayanai da ta fara aiki a 2018, daga baya ya bazu duniya. In an ba ki zaɓi, ki karɓi na dole kawai ki bar sauran, babu abin da zai ragu a hidimar.

Sai dai in gaya miki gaskiya, Hajiya, ƙin kuki a shafin hukuma ba ya ɓoye kowa. Absher na Ma'aikatar Cikin Gida ne. Da hannunki kika rubuta lambar igama, layin da aka turo wa lamba kuma da yatsarki aka yi masa rajista, kamar yadda doka ta tanada tun 2016. Wanda ya riga ya san sunanki da hotonki da kafilinki ba ya buƙatar kuki ya gane ki. Ban da haka, kowane shafi irin wannan yana rubuta wa kansa lokacin da aka shiga, da irin na'urar, da adireshinta na intanet da ake kira IP, da hidimar da aka nema. Wannan a kwamfutocinsu yake zaune, goge kuki a wayarki ba ya taɓa shi. IP yana nuna kamfanin layi da yankin da mutum yake, kamfanin kuma ya san mai layin. Ba ya ƙirga mutanen da ke cikin ɗaki. Manhajar waya ce ke iya kaiwa ga kamara ko hotuna ko wurin da kike, ita ma sai da izinin da kika ba ta, kuma kina iya dubawa ki janye shi a saitin wayar.

Bayanan da ke hannun hukuma da kamfanoni akwai doka a kansu, kuma ta shafi mai igama kamar yadda ta shafi ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya ta fito a 2021, aka yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumba na shekarar, aka ba da shekara guda kowa ya kintsa. Hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ita ce ke sa ido a kanta. Ta ba ki haƙƙin sanin dalilin karɓar bayananki, da ganinsu, da neman a gyara kuskure, da neman a shafe abin da bukatarsa ta ƙare. Wanda ya fallasa bayanai masu tsanani, irin na lafiya, don ya cutar ko ya ci riba, yana iya shan ɗaurin shekara 2 ko tarar riyal miliyan 3, ko duka biyu. Amma dokar ta bar wa hukumomin gwamnati ƙofa: don tsaro, ko don cika umarnin wata doka ko na kotu, ba sai sun nemi yardarki ba. Saboda haka kada ki ɗauka za ki ce wa jawazat, hukumar fasfo da igama, ta shafe fayil ɗinki. Amfaninta a wurinki ya fi ƙarfi a kan masu shago da kamfanoni da ke tara kwafin igamar mutane a aljihun tebur.

Yanzu ga shagon. Ba na zargin masu ofisoshin hidima, da yawansu mutanen kirki ne, kuma iyayenmu da ba su saba da waya ba da su suke dogara. Amma kwamfutar da mutum hamsin ke zama a gabanta a yini ba ta da amana ko da mai ita yana da ita. Idan aka gama aka rufe taga kawai, ba a danna maɓallin fita ba, wanda aka rubuta tasjilul huruj, kukin shiga yana iya zama da ransa na ɗan lokaci, kuma wanda ya zauna bayanki zai iya samun asusunki a buɗe ba tare da kalmar sirri ba. Sauƙin abin shi ne shafukan hukuma kan kashe wannan kuki da kansu bayan ɗan jinkiri, don haka na ranar nan ya daɗe da mutuwa.

Abin da ba ya mutuwa shi ne kalmar sirri. Chrome kan tambaya ko a adana ta, mai sauri kuma ya danna eh. Ko kuma ke kika faɗa wa yaron shagon da baki ya rubuta. Akwai ma kwamfutocin da cutar satar rubutu, wato muguwar manhaja mai kwashe duk abin da aka rubuta, ta shiga, mai shagon bai sani ba. Tagar sirri ta Chrome, Incognito, tana goge kukis idan an rufe ta, wannan ya yi kyau, amma ba ta hana irin wannan cuta aiki.

Wanda ya riƙe lambar igamarki da kalmar sirrinki, abu ɗaya ya rage masa: lambar da ake turowa layinki, ko amincewarki a Nafath, manhajar hukuma ta tabbatar da cewa ke ce mai shiga. A nan ake cin mutane, ba a kuki ba. Tsarin Nafath shi ne shafin da kike son shiga ya nuna miki lamba mai alƙalami biyu, ki buɗe manhajar ki zaɓi irinta. To sai wani ya kira ki da Larabci mai daɗi, wani lokaci ma da Hausa, ya ce daga jawazat ne ko banki, za a rufe igamarki in ba ki sabunta bayanai ba, ya ce buɗe Nafath ki danna lamba kaza. Shi ne a can ya rubuta lambar igamarki a wani shafi, ke kuma kika sa masa hannu. Da wannan ake buɗe asusun banki ko a ciro layi da sunan mutum, a yi damfara da shi, in ta fashe sunan mai igama za a fara gani. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin har shekara 3 da tarar har riyal miliyan 2 ga mai irin wannan damfara, amma kafin a kai ga kama shi ke kin sha zirga-zirga. Duk buƙatar Nafath da ta shigo ba ke kika tayar da ita ba, ki ƙi ta, ko wa ke magana a waya.

Ga abin da zan so ki yi yau, ba gobe ba. Ki shiga Absher a wayarki ko ta ɗanki ki canja kalmar sirri, kada ki maimaita wadda kike amfani da ita a wani wuri. Ki duba lambar wayar da ke cikin asusun ko taki ce har yanzu, ki leƙa sashen tafwid ko an wakilta wani da sunanki. Sannan hukumar sadarwa tana da hidimar Arqami, mai nuna duk layukan da aka yi wa rajista da igamarki. In kin ga wanda ba ki sani ba, ki shigar da ƙorafi a soke shi.

Wajen shiga kuma, ki rubuta absher.sa da hannunki ko ki buɗe manhajar, kada ki bi mahaɗin da aka turo ta WhatsApp ko saƙon tes. Shafukan bogi sun iya kwaikwayon kore da tambarin dabino da takubba, har rubutun kukis suna sawa don su yi kama da na gaske. Saƙon damfara ana tura shi zuwa 330330, in kuma an riga an yi ɓarna a kai rahoto ta manhajar jami'an tsaro, Kulluna Amn. Idan wayarki ta gyaru, ki mayar da layinki cikinta, ki sa Nafath a kanta ke kaɗai, ki kulle ta da yatsa ko fuska kafin jikoki su ɗauka su yi wasa.