Shin jarabar giya gado ce?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shan giyar mahaifinka zai bi ka ta jini. Gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin daga ƙwayoyin gado yake, sauran kuwa tarbiyya ce, abokai da halin rayuwa.

Ƙwayar gadon da aka fi fahimta ita ce mai samar da ALDH2, wani sinadari da ke aiki a hanta. Hanta tana mayar da barasa wani sinadari mai guba, asetaldehaid, ALDH2 kuma ya kawar da shi. Mutane da yawa a Sin, Japan da Koriya sun gaji nau'in da ba ya aiki sosai: suna sha fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, ga tashin zuciya. Shi ya sa kamuwa da jarabar giya ta yi ƙaranci a cikinsu.

Sauran bambance-bambancen gado tasirinsu kaɗan ne, yawancinsu kuma ba a cikin ƙwayar gadon suke ba, suna wuraren da ke kunna ta ko kashe ta. Don haka masana ke duba wacce ke aiki a ƙwaƙwalwa, wacce a hanta.

Babu gwajin da zai yanke maka hukunci yau. Idan abin yana damunka, don Allah ka ga likita.