Kaki ba ya shiga inda ruwa yake

Ɗana, na ga takardar da ka bari a kan teburina jiya da yamma, tare da bulon kaki guda biyu da ka danne ta da su. Ka ce naman nonon wata mara lafiya ne da aka aiko wa ɗakin gwajinmu daga wajen Funtuwa don likita ya duba shi a madubin ƙara girma, ka dasa shi a kaki don a yanka, gefensa yana yankuwa lafiya lau, amma tsakiyar tana marmashewa a bakin wuƙa, kuma da gari ya waye ka tarar ta lotsa ta yi fari. Ka ce ka ƙara wa tukunyar kaki wuta har digiri 70, ka bar sauran naman ya kwana a ciki, bai canja zane ba. Shi ne kake tambaya ko kakin da aka sayo mana wannan karon ne jabu.

Kakin lafiyarsa ƙalau. Ka bar jaki ne kana dukan taiki.

Ɗauki bulon nan ka kai hanci. Za ka ji ƙaurin zailin, sinadarin nan da muke jiƙa nama a ciki kafin kaki, yana tashi daga tsakiya. Danna wurin da farce, za ka ji ya yi laushi kamar cuku, alhali gefen da ƙarfinsa. Bulon da ya sha kaki sosai ba ya wari, ba ya lotsawa, in ka yanke fuskarsa za ka ga nama da kaki sun zama abu guda, santsi ɗaya. Wannan naka kakin ya tsaya ne a bakin ƙofa, bai shiga ɗaki ba. Lotsawar da ka gani da safe kuwa, sauran zailin da danshin da ke ciki ne suka bi iska cikin dare, naman ya tsuke ya bar rami.

Bari in mayar da kai baya kaɗan, don in ka riƙe wannan ba za ka sake ɗora wa kaki laifi ba. Naman ɗan Adam yawancinsa ruwa ne. Mu kuma so muke mu yanka shi siriri, maikuron 3 zuwa 5, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki uku zuwa biyar. Ɗanyen nama ba ya yankuwa haka sai an sa masa abin da zai tokare shi ta ciki, shi ne kakin farafin. To kaki da ruwa ba sa ga maciji. Ɗiga kyandir a kofin ruwa ka gani. Shi ya sa muke fara korar ruwan da alkohol, daga mai kashi 70 cikin 100, zuwa 90, zuwa tsantsa sau biyu ko uku, a hankali don kada naman ya yamutse. Amma shi ma alkohol ba ya garwayuwa da kaki. Sai mu shigo da zailin, wanda yake shiri da kowa. Dillali ne, irin na karar shanu ta Mai'aduwa: mai saye da mai sayarwa ba su san juna ba, shi ya san su duka biyu. Zailin ya karɓi wuri daga hannun alkohol, kaki ya karɓa daga hannun zailin. In ɗigon ruwa ya saura a tsakiyar nama, zailin ba zai kai wurin ba, in kuwa zailin bai kai ba, ko sati ka bar naman a cikin kaki aikin banza ne.

Me ya hana ruwan fita? Na auna guntun da ka saka a kaset ɗin, wato ɗan akwatin robar da muke sa nama a ciki, ya kusa milimita 7, har murfin ya bar masa zane a jiki. Ƙa'idarmu milimita 3 zuwa 4, mai kitse ma gara ya gaza haka. Nono kuwa kitse ne, kitse kuma yana tare hanya, ba ya barin alkohol ya ratsa da sauri, sai zailin ya narkar da shi tukuna. Na kuma ga robar da aka aiko naman a ciki, an cusa shi kamar tuwo a malmala, fomalin ɗin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ko rufe shi bai yi ba. Ana son fomalin mai kashi 10 cikin 100, yawansa ya ninka girman naman aƙalla sau goma, babban nama kuma a tsattsaga shi tun da wuri, don fomalin a hankali yake shiga, kamar milimita ɗaya a awa, yana kuma ƙara nawa in ya yi nisa. Ga tafiya daga Funtuwa cikin mota a wannan zafin. Tun kafin ya iso Katsina tsakiyarsa ta fara lalacewa. Wannan ba laifinka ba ne, amma kaurin yankan naka ne.

Sai ka leƙa kwalaben injin da ke bi da nama ta alkohol da zailin da kaki. In ka ga zailin na farko ya yi hazo kamar an ɗiga masa madara, ruwa ya shige shi, ma'ana alkohol ɗinka na ƙarshe ya daina zama tsantsa. Malamin da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, yakan zuba farin garin kofa salfet wanda aka ƙone ruwansa a gindin kwalbar ƙarshe, ya rufe da takardar tacewa. Ranar da garin ya koma shuɗi, ba ya jiran kowa, zubar da alkohol ɗin yake yi. Yanzu mun fi dogara da lissafin kaset nawa suka wuce, amma idon nan har gobe yana aiki.

Batun ƙara wuta shi ne ya fi tayar mini da hankali a takardarka. Kakin da muke amfani da shi yana narkewa a digiri 56 zuwa 58. Tukunya ana ajiye ta sama da haka da digiri biyu ko uku, wato wajen 60. In ka kai 70 soya naman kake yi. Zai tsuke, ya ƙandare kamar kilishin da ya kwana biyu, wuƙa ta riƙa tsalle a kansa tana barin layi-layi. Hanta, saifa, naman mahaifa da duk abin da ke da jini da yawa su suka fi saurin ƙonewa. Kuma in likita ya nemi a yi wa naman nonon gwajin nan na musamman da ake gane irin maganin da sankarar za ta ji, zafin da ya wuce kima yana iya ɓata sakamakon. Tukunya uku na kaki, awa ɗaya-ɗaya ko sama kaɗan, sun ishi naman da aka yanka daidai. Ta farko ita ke kwashe yawancin zailin, shi ya sa ita ake fara zubarwa, ta biyu ta dawo ta farko, sabon kaki ya shiga ta ƙarshe. In injin yana zuƙe iska, kunna masa, musamman a kan huhu, don kumfar da ke maƙale a ramukansa ta fita kaki ya maye gurbinta. Ƙananan tsokar da ake tsinko wa mutum daga ciki, waɗanda ba su wuce ƙwayar gero ba, kada ka haɗa su da manya a dogon zango na dare, bushewa za su yi.

Ka san wannan sana'ar ta tsufa. Tun 1869 wani likita mai suna Edwin Klebs ya fara dasa nama a cikin farafin, fomalin kuma sai 1893 Ferdinand Blum ya gano amfaninsa a Jamus, bayan ya lura yana ƙandarar masa da fatar yatsu. Injuna sun canja, amma jerin nan na ruwa, alkohol, zailin, kaki yana nan yadda yake. Ni da na fara aiki, da ƙarafan tagulla biyu masu lanƙwasa muke haɗa mazubi a kan faranti, mu rubuta lamba da fensir a guntun takarda mu liƙa a gefe. Har yanzu fensir ne a kan kaset, biro da maka wankewa suke yi a cikin alkohol da zailin.

Tunda mun zo kan zubi, bari in gaya maka abin da na lura da shi a hannunka ranar Talata, ko da yake ba ka tambaya ba. Kana cika mazubi da kaki, ka jefa nama, ka ɗora kaset, ka wuce na gaba. Sauri kake yi kamar mai tuyar ƙosai. Ba haka ake yi ba. Zuba kaki kaɗan a mazubi mai ɗumi. Ɗauko naman da hantsaki mai ɗumi, ka kwantar da fuskar da za a yanka tana kallon ƙasa. Matsar da mazubin kan farantin sanyi na ɗan lokaci, har gindin ya fara yin fari, sannan ka danna naman a hankali ya kwanta ko'ina daidai. In kusurwa ɗaya ta ɗaga, kafin wuƙa ta kai gare ta ka cinye rabin ɗaya ɓangaren. Ɗora kaset, cika da kaki nan take, kada ka bari na ƙasa ya daskare sosai, in ba haka ba bulon zai yi hawa biyu ya rabe a bakin wuƙa.

Kuma kowane nama da kwanciyarsa. Fata a tsaye ake dasa ta a kan gefenta, yadda likita zai ga sama da tsakiya da ƙasa a yanka ɗaya. Bangon hanji ma haka. Abu mai rami kamar afendis ko bututun ƙwan mace a gicciye, yadda zai fito kamar zobe da ramin a tsakiya. Gutsattsarin da aka kankaro daga mahaifa a tara su a tsakiyar mazubi, duka a shimfiɗa ɗaya, a bar musu kaki ta kowane gefe. Tun ran gini ran zane. Na taɓa dasa wata 'yar fata a kwance ina sabon shiga. Likitan ya dawo mini da gilashin da aka ɗora yankan a kai ya ce, a nan zan ga ko ciwon ya nutsa ƙasa? Na narkar da bulon na juya ta, amma rabin abin da ake nema ya riga ya tafi cikin aski. Sai da aka sake kiran mara lafiyar daga ƙauyensu na bayan Daura aka sake yanka. Har yau ina tuna fuskar ɗansa da ya kawo shi a kan babur.

Kaset ɗaya za ka buɗe a lokaci guda, ka goge bakin hantsaki kafin ka taɓa na gaba. Ɓurɓushin sankarar wani in ya maƙale ya faɗa bulon wani, ka ga an rubuta wa mai lafiya cutar da ba tasa ba.

Sauran abin da ke damunmu a garin nan ka san shi. Daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya haura digiri 40 kuma an ɗauke wuta, bulo yakan yi laushi a hannu, yankan ya riƙa tattarewa. Ka kifa shi a kan ƙanƙara kafin yanka, in kuma akwai kaki mai narkewa a digiri 58 zuwa 60 a sito, shi ya fi dacewa da bazara. Da hunturu kuma ƙura ce, rufe tukunya, ka tace kakin in ka ga tsaki-tsaki a gindinsa, don tsakuwa ɗaya ta isa ta yi wa wuƙa giɓi. Kada ka ɗora injin da dare sai ka tabbatar akwai mai a janareta.

Su kuma bulon nan biyu ba su mutu ba. Gobe bayan mun gama na safe ka narkar da su, mu rage wa naman kauri, mu wanke kakin da zailin, mu mayar da shi cikin sabon alkohol tsantsa ya daɗe, sannan ya sake bin layi zuwa kaki a digiri 60. Ba zai yi kyau kamar wanda aka yi daidai tun farko ba, amma zai karantu. Ka duba ko akwai sauran naman a cikin fomalin, in akwai mu yanki sabo siriri mu haɗa. Ka zo da littafin canjin kwalabe, ina son in ga ranar da aka sauya alkohol na ƙarshe.