Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan fim ɗin Steve Jobs

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin kalli fim ɗin 2015 kan Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, kowa na yabon basirar mutumin, ke kuwa abin da ya yi wa 'yarsa Lisa ne ya tsaya miki a rai, har kina tambaya ko ke ce ba ki gane fim ɗin ba. Wallahi kin gane shi sarai.

Ki lura, kashi uku aka yi shi, kowanne a bayan fage ana dab da ƙaddamar da kwamfuta: Macintosh a 1984, NeXT a 1988, iMac a 1998. A duk ukun Lisa tana nan. Da kwamfuta ce a gaban Aaron Sorkin, wanda ya rubuta labarin, ai da ya kai mu zamanin iPhone. Matar da Jobs ya aura a 1991 da 'ya'yansu uku ma ba a nuno su ba.

Ni inda na tsayar da fim na miƙe shi ne wurin da uwar yarinyar, Chrisann, ta zo neman kuɗi, ga 'ya mai shekara biyar a wurin, shi kuma yana kare lissafinsa wai kashi 28 cikin ɗari na mazan Amurka kowanne zai iya zama ubanta. Kuma ba ƙagen 'yan fim ba ne, haka ya faɗa wa mujallar Time, bayan gwaji ya nuna 'yarsa ce, kotu ta yanka masa dala 385 a wata.

Na san tsayuwar nan. Da babanmu ya saki innarmu, ni ake aika shagonsa karɓo kuɗin makaranta. Sai in tsaya bakin kanta yana ciniki, yana ta raha da masu saye, ni ko kallo ban ishe shi ba. In ya gaji da ganina ya ce, "Je ki ce mata babu." Ga kuɗi nan sun cika aljihun riga. Ranar da ta fi ci mini rai, abokinsa ya tambaya 'yar wa ce, ya ce ta maƙwabta ce. A kunnena! Kawuna tela shi ya biya mini kuɗin jarrabawa, baba da ya ji sai ya hau faɗa wai an ci masa mutunci. Shi ya sa a fim ɗin da Andy Hertzfeld, tsohon abokin aikin Jobs, ya biya wa Lisa kuɗin jami'ar Harvard, Jobs ya fusata, ko kaɗan ban yi mamaki ba.

Sulhun ƙarshen nan kuwa bai shige ni ba. Don ya adana zanen da ta yi tana ƙarama, ya yi mata alkawarin na'urar sauraron waƙa, shi ke nan an wanke shekara 19? An ba shi uzuri wai shi ma riƙo aka bayar da shi yana jariri. To ai wanda ya ɗanɗana shi ya kamata ya fi tausayi.

Kar ki sake kallonsa da dare ke kaɗai. Kar kuma ki biye wa masu cewa "amma ai ya kawo iPhone", ba za ku gama ba. In za ki maimaita, ki bi abokiyar aikin Jobs, Joanna Hoffman, da ido, wadda Kate Winslet ta fito a matsayinta, ita ce ta tsaya ta ce ko ya gyara tsakaninsa da 'yarsa ko ta bar aikin. In naki uban yana raye ki riƙa gaishe shi don Allah, amma kar wani ya matsa miki sai kin ce ba komai. Ni har yau ban iya bi ta layin shagon nan ba.