Amsa ga ɗan uwa mai shirin tafiya Gana: kada ka sayi layi a bakin boda

Wa alaikumus salam ɗan uwa na Daura. Ka ce wata mai kamawa za ka tafi Akara da Kumasi ta mota, karonka na farko, kana tambayar yadda za ka yi da layin waya da data, da yadda ake shiga motocinsu ba a cuce ka ba. Wallahi ina karantawa sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Da na yi irin wannan tambayar a 2022 kafin in bar Katsina, da ban kwana a barandar shagon mutane ba, jiƙe sharkaf, da jakar huluna a ƙarƙashin kaina.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini rai, sauran sa biyo baya. Duk wanda ya tare ka a Aflawo, bodar Togo da Gana, ya ce yana da layi mai rajista, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa, ka wuce. Ko da Hausarsa ta fi taka.

Watan Yuni ne, ana saura makonni a yi Babbar Sallah, na ɗauki huluna da ɗinkakkun shaddodi zan kai wa wani abokin ciniki. Ka san daga nan zuwa Legas kaɗai ya haura kilomita 1,000. Daga Legas zuwa Akara kuwa bai kai 500 ba, amma iyakoki uku ne a tsakani: Seme, sai Hilakonji tsakanin Binin da Togo, sai Aflawo. Kafin ka fita ta ukun ka zama laushi, ko sunanka aka tambaye ka sai ka yi tunani. A wannan halin nake, na tsallaka daga Lome da ƙafa ina jan jakata, sai na ji an ce, "Sannu da hanya Alhaji, daga Katsina ko?" Na waiga. Saurayi ne fes da shi, farar jallabiya, carbi a wuyan hannu, har da tabon salla a goshi. Ya ce daga ɗaurin hulata ya gane. Ya ce kakansa mutumin Mani ne, fataucin goro ya kawo shi ƙasar ya zauna. Ɗan uwa, bayan kwana biyu kana jin Yarbanci da Faransanci, wani ya ambaci Mani, ai sai ka ji kamar ƙanenka ne ya zo tarbarka.

Ya karɓi jakar ya saɓa a kafaɗa. Ya kai ni wurin mai koko, ya saya mini koko da ƙosai da kuɗinsa, na rantse zan biya ya ce haram. Wannan ƙosan shi ne ya fi tsaya mini a wuya har yau. Muna ci yana ba ni labarin ɓarayin tasha, wai a Akara ba a yawo da tsabar kuɗi, kowa a waya yake zuba nasa, momo suke ce masa. Wannan kuma gaskiya ne, nan ne dabararsa, da gaskiya ya naɗe ƙaryar. Ya ce rajistar baƙo tana ɗaukar kwanaki, amma yana da layin da ya riga ya shirya. Ya sa mini a waya da hannunsa, ya saita lambar sirri a gabana, ya raka ni wurin 'yan canji, ya raka ni rumfar da aka zuba mini sidi 1,800, kuɗin Gana, a layin. Na rage kuɗin mota da ɗan abin shan ruwa a aljihu. Da zan shiga mota har addu'a ya yi mini, ya ce in gaida mutanen gida.

Har muka haye gadar Sogakofe a kan kogin Bolta sabis yana nan, na ma tura wa uwargida hoton ruwan. Muna kusantar Tema sai layi ya ɗauke. Na ce ko daji ne. Na kashe waya na kunna, na cire layi na goge shi da gefen riga na mayar, shiru. Muka shiga tashar Tudu bayan magariba, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Dama mai masaukina ya ce in hau mota zuwa Sakul, wato shataletalen Kwame Nkuruma, in kira shi. Da me zan kira? Layina na gida ban buɗe masa romin ba, wato damar yin aiki a ƙasar waje, kafin in fito, ya zama mushe. Batir ya koma 4. Lambar mutumin kuma a cikin wayar take kaɗai, ban rubuta a ko'ina ba, ina laluben biro a jaka wayar ta mutu a hannuna.

Sai ruwa ya kece. Mu da muka saba da ruwan Katsina, a yi minti arba'in a ɗauke, ba mu san ruwa ba. A Sakul ɗin nan ne ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150 a ranar 3 ga Yunin 2015, shi ya sa da an fara ruwa za ka ga kowa yana gudu, masu shaguna suna ja da ƙofa. Na raɓa jikin wata rumfar momo, matar tana haɗa kayanta, na roƙe ta da guntun Turancina ta duba mini. Ta buga lambar da ke jikin katin layin, ta juyo mini da fuskar wayarta. Sunan wata mata ne ya fito, sunan da ko furta shi ban iya ba. Ta ce ko da layin yana aiki ba za ta ba ni ko fesuwa, kwabonsu ke nan, ba sai da katin shaida mai wannan sunan. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa marar lafiyar da likita ya sallama.

Washegari a ofishin kamfanin aka tabbatar mini, mai layin ta zo da katinta ta ce ya ɓata, an yi mata sabo, kuɗin kuma an kwashe. Ba su da laifi, a takarda ni ne baƙo a layin. Amma ba kuɗin ne suka fi ƙona ni ba. A gida, hoton kogin nan shi ne saƙona na ƙarshe. Hajiyarmu mai hawan jini ce, ta kwana a kan sallaya, ƙannena suna ta kiran duk wanda suka sani a Agege ko an ji labarin hatsari. Yaron nan ya ci kuɗina, ya sa tsohuwa kuka, kuma da sunan Mani ya yi. Na sha cewa na yafe, amma duk sanda na ga ƙosai da koko sai abin ya dawo sabo. Na koma Aflawo sau uku bayan nan, kowane zuwa sai na tsaya ina duba fuskokin masu jallabiya. Ban san ma abin da zan yi masa ba in na gan shi.

Wanda ya cece ni a daren nan wani mai tsire ne ɗan Tawa, can ana ce wa tsiren cicinga. Ya ji ina salati da Hausa, ya ba ni benci, ya jona mini waya a wurin mai gadin shagon. Da asuba ya sa yaronsa ya raka ni Nima. To ka riƙe wannan: in ka rasa kanka a Akara, ka ce a kai ka Nima ko Mamobi ko Sabon Zango. A Kumasi ka ce Aboabo ko Asawase. Hausa ce harshen zango, ka shiga masallaci ka yi sallama, ba za ka kwana a waje ba.

Batun layi, ka daure har ka shiga gari. Ka je ofishin kamfani da kanka da fasfonka, MTN ko Telecel, wanda a da ake kira Vodafone kafin a canja suna a 2024, ko AT. A yi rajista da sunanka, ka tsaya ka ga sunanka ya fito a momo kafin ka zuba ko sidi ɗaya, lambar sirri kuma kai za ka saita, ka juya baya in za ka danna. In wani ya kira ka ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa, kashe wayarka. Layinka na Najeriya kada ka cire shi, ka je ofis a nan gida a buɗe maka romin tun kafin ka tashi, domin lambobin da banki ke turowa ta nan za su shigo. Amma ka kashe masa data, in ba haka ba katinka zai ƙare kafin ka fita Kwatano. WhatsApp ɗinka kuma ka bar shi a lambar gida, in ya tambaye ka ko za ka canja ka ce a'a, da datar sabon layin zai ci gaba da aiki.

Ka sayi ƙaramin littafi na naira ɗari biyu ka rubuta lambobi biyar da biro, da sunan unguwar da za ka sauka da masallacin da ke kusa. Ka sa shi a leda. Na san za ka yi dariya.

Af, caja. Soket ɗin Gana irin namu ne mai baki uku, amma Binin da Togo mai zagayen baki biyu ne irin na Maraɗi. Ni abin da ya sa batirina ya mutu ke nan, na kwana a Kwatano ban samu inda zan jona ba. Kuma da ka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, haka Gana. Ka gaya wa iyali, kada ka ce za ka kira bayan isha su zauna jiran ishar Daura.

Motoci kuwa, ƙananan bas ɗinsu tiro-tiro ake ce musu, yaron mota kuma met. Ba ciniki a ciki, kuɗin kowace hanya sananne ne, ka dubi abin da na kusa da kai ya miƙa ka miƙa irinsa, da hannun dama. In ka ga yaron yana juya yatsa a iska, Sakul za shi. Tasi ta shata ce ake yanka baƙo a cikinta, ka gama ciniki kafin ka sa ƙafa, ko ka kira Bolt ko Yango ka ga kuɗin a waya. In kana da kaya masu nauyi a Tudu, ka nemi 'yan dako mata, kayaye, su fitar maka bakin titi. Zuwa Kumasi ka je Sakul ka hau manyan bas na VIP, ko na gwamnati STC, tafiyar kamar kilomita 250 ce amma ka ware mata awa biyar zuwa shida saboda cunkoson fita gari. Ka ɗauki rigar sanyi, na'urar sanyaya motar ba ta da tausayi, ni da mura na sauka a Asafo, tashar bas ta Kumasi. A cikin Kumasi akwai keke napep, faragiya suke ce masa. Kasuwar Kejetiya kuwa kada ka shige ta kai kaɗai ranar farko, Kantin Kwari ɗan yaro ne a gabanta.

In ka tsaya a Kwatano, 'yan acaɓarsu zemijan, masu rigar ɗorawa, da sefa ake biyansu, ka tanadi ƙanana. Na ga wani ya ba ka shawarar ka bi ta Jibiya, Maraɗi, Doso, Gaya, ka faɗa Malanbil. Hanyar iyayenmu ce, na yarda, amma tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, bodar Nijar da Binin, ta shiga rikici, kada ka ɗauki hanya sai ka tambayi direban da ya dawo cikin makon. Katin rigakafin shawara kuma kada ka yarda da na bayan fage, ka je a yi maka allurar a ba ka na gaske, kowace iyaka sai an tambaya. Biza babu, fasfonka na ECOWAS ya ba ka kwana 90.

Wani abu da ya taɓa ruɗa ni: tun 2007 suka cire sifili huɗu daga kuɗinsu, amma wasu tsofaffin kasuwa har yanzu da tsohon lissafi suke magana. Wata tsohuwa ta ce mini wake da shinkafa dubu ɗari ne, na kusa ajiye mata kwanonta, ashe sidi 10 take nufi. Ka ci waken nan, a ganye ake zuba shi, amma ka ce a rage yajin shito in cikinka irin nawa ne. Gidan sauro ma ka saka a jaka, sauron bakin teku ba ya jin maganin hayaƙi.

Ka turo mini ranar tashinka ta akwatin sirri, zan haɗa ka da mai masaukina na Aboabo ya tarbe ka a Asafo. Dattijo ne, ba ya karɓar ko sisi, amma ka riƙe masa kilishi da 'yar kuka, kullum ƙorafinsa ke nan wai ta can ba ta da yauƙi. In kuma ka tsaya a Sakul, mai tsiren nan yana nan har bara, ka ce masa mai huluna na Katsina yana gaishe shi.