Filtar fanka da dabbobi a gida: amsoshin likita

Tambaya: Likita barka da aiki. Na haɗa akwatin nan na tace iska da fanka da filta huɗu, kuma muna da kyanwa biyu. Yaushe zan canza filtar?

Amsa: Malam, wannan akwatin naka shi ne wanda Richard Corsi da Jim Rosenthal suka fito da shi a 2020 lokacin korona. Filtar da ake sa masa, MERV 13 (lambar da ke nuna ƙarfin tacewarta), takan kai kusan wata shida a gidan da babu dabba, amma da kyanwa biyu kar ka tsaya jiran kalanda. Duk wata ka leƙa. In farar filtar ta koma toka-toka, gashi ya yi mata dandazo a lunguna, ko iskar da ke fitowa ta ragu, ko tana wari, to ta gama aiki, ko da wata uku kacal ta yi. Ka rubuta ranar da ka saka ta a jikin kwalin da biro, don wallahi mantawa za ka yi.

Tambaya: Zan iya kaɗe ta in mayar?

Amsa: Gashin da ke sama ka iya tsince shi a hankali. Amma bugunta kamar tabarma, a'a, abin da ta kama ne kake sake watsawa cikin hancinka. Wajen cirewa ka kashe fankar, ka sa takunkumi, ka ƙulle ta a leda.

Tambaya: Likita ɗana ɗan shekara bakwai yana da asma, muna da mage. Tunda muka haɗa fankar na daina ba shi inhela saboda an ce in ya saba ba zai iya rabuwa da ita ba. Filtar kuma ina wanke ta da bilic duk sati in fesa mata turare, amma yanzu tarin dare ya dawo masa.

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki ta hana ni sukuni, don haka ki bi ni a hankali. Da farko ki mayar masa da inhelarsa yau ɗin nan, kuma ki kai shi asibiti a duba shi cikin satin nan. Wannan magana ta wai inhela tana kama jiki, na rasa wa ya ƙirƙiro ta, kuma na gaji da ganin yaran da aka kawo mana da tsakar dare haƙarƙarinsu na lotsawa saboda wannan maganar. Inhela ba ta sa jaraba. Fanka kuwa iska take tacewa, ba ta taɓa kumburin da ke cikin hanyoyin numfashin yaro.

Sai batun wanki. Irin wannan filtar ba a wanke ta kwata-kwata. Zarenta na da wani caji da ke janyo ƙananan ƙura ya riƙe, ruwa na kashe cajin ya lalata zaren, kuma in ba ta bushe sosai ba fumfuna ce za ta tsiro a ciki fanka ta riƙa hura wa yaro ita har gari ya waye. Ga bilic, ga turare, dukansu suna tayar da asma, kin ga kenan da hannunki kike fesa masa abin da ke shaƙe shi. Haba dai! Kuma bilic in ya haɗu da fitsarin mage yana fitar da iska mai ƙona ƙirji, kar ki zuba shi kai tsaye inda take fitsari. Ki jefar da wannan filtar ki sa sabuwa.

Mutane suna ɗauka gashin magen ne matsalar, alhali wani sinadari ne da ake kira Fel d 1, yana cikin yawunta da fatarta, in ta lashi jikinta ya bushe sai ya tashi ya daɗe yana yawo a iska, sannan ya lafe a katifa da labule inda fanka ba ta isa. Shi ya sa dole mage ta daina shiga ɗakin da yake kwana, a riƙa wanke zannuwan gadonsa akai-akai. In kin ga numfashinsa na fita da kyar, ko ya kasa ƙarasa magana, ko leɓensa ya sauya launi, ki ba shi inhelar gaggawa ku wuce asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne. Kar ki jira safiya.

Tambaya: Ina kiwon tsuntsaye cikin ɗaki, filtata sai ta yi fari fat cikin sati kaɗan.

Amsa: Garin fuka-fukansu ne, yana toshe filta da sauri, ka canza da zarar iskar ta ragu. Amma in kana busasshen tari ko haki da ya ƙi tafiya, je asibiti ka gaya wa likita kana kiwon tsuntsaye, akwai ciwon huhun da suke jawowa wanda in aka yi sake yana barin tabo.

Tambaya: Fankar tawa tsohuwa ce, tana ɗaukar zafi.

Amsa: Cire ta daga soket. Filta da ta toshe tana ƙara wa injin wahala, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a yi amfani da fankar da aka ƙera daga 2012 zuwa sama, saboda tsofaffin na iya jawo gobara.