Murhun gas na tsakar gida ya koma hayaƙi bayan damina

Malam, ka ce murhun gas ɗin da kuke jin ɗumi da shi ya kwana a waje duk damina, yanzu wani gefen ba ya kamawa, ga baƙin hayaƙi. Galibi toshewa ce. Gizo-gizo da zanzaro suna son bututun da gas ke haɗuwa da iska a ciki, ƙura da tsatsa kuma su cushe ƙananan ramukan da wuta ke fita.

Fara rufe tukunyar gas, ka cire kanta, ka bar murhun ya huce sarai. Kwashe duwatsun da ke sama, ka goge ramukan da tsohon buroshin haƙori. Wanda ya ƙi buɗewa, soka masa siririyar waya a hankali. Kada ka faɗaɗa shi da ƙusa, wutar ba za ta sake daidaita ba. Bututun ma a zura masa siririn buroshi.

Duwatsun kuwa sai sun bushe ƙayau kafin su koma, don jiƙaƙƙen dutse kan fashe a wuta ya watso ɓarɓashi.

Bayan ka haɗa, kaɗa ruwan sabulu ka shafa a tiyo da duk mahaɗa, sannan ka buɗe tukunya ba tare da kunna wuta ba. Inda kumfa ke tasowa, nan ne yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Tsagaggen tiyo kuma canza shi ake yi, ɗaurin roba ba ya riƙe gas. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka bar kafofin gindin murhun a buɗe.

In yoyon daga bakin tukunya ne, ko wutar na mutuwa da zarar ka saki maɓalli, rufe komai ka kira mai gyaran gas.